Mai Kunne da Babur ɗin Tela

A layin masu gyara, tsakanin mai faci da mai walda, akwai wata rumfar kwano da ta ɗan karkace gefe guda. Nan ne shagon Mai Kunne, bakaniken babura. Gajere ne kakkaura, hannuwansa sun sha baƙin mai har sabulu ya haƙura da su. Ubansa mai gyaran keke ne, kuma a gindin keke ya yi rarrafe, amma tun yana ƙarami ya ce shi abin da ba ya ƙara ba ya burge shi. Da ya tasa sai aka kai shi gareji koyon aiki, a can ya samu laƙabinsa. Babur zai karyo kwana daga bakin titi, kafin mai shi ya sauke ƙafa ya riga ya faɗi ciwonsa, ko bawul ne, ko filogi, ko ringi ya gaji. A buɗe a tarar haka ne.

Mutum ne mai kirki a sha'anin yau da kullum. Zai ara maka sufana bai tambaye ka yaushe za ka dawo da ita ba, kuma in babur ɗinka ya mutu a hanya zai bar abin da yake yi ya biyo ka. Hali ɗaya ne da shi da duk layin suka sani: ba ya iya jin an yabi wani bakanike a gabansa. Ka ce wane ya iya aiki, sai ka ga ya sunkuya yana neman notin da bai faɗi ba. 'Yan layin har da gangan suke yi masa, musamman mai faci, wanda tsokana ce abincinsa.

Babur ɗaya ne ya taɓa so a rayuwarsa, kuma ba nasa ba ne. Tsohon babur ne baƙi, mai silinda biyu, kafireta biyu, salansa biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Wani kamfanin gina hanya ne ya yi gwanjonsa da ya gama aiki zai tashi. Lokacin Mai Kunne yana saurayi, ya yi ta zuwa yana zagaya babur ɗin yana shafa tankinsa. Ranar da ya shirya ya je ɗauka, sai ya tarar abokinsa Tela ya riga shi. Telan da bai san bambancin filogi da maɓallin riga ba. Mai Kunne ya yi masa murna da baki, ya tayar masa da injin, har ya koya masa sa giya, amma ya daɗe kafin dariyar Tela ta sake ba shi dariya.

Abin da ya sanyaya masa rai shi ne babur ɗin ba ya jin maganar kowa sai tasa. Inji mai kafireta biyu kamar mutum biyu ne suka ɗauko katako ɗaya: in ɗaya ya fi ɗaya sauri, duk su biyun sai sun wahala. Dole kowace kafireta ta riƙa ba silindarta mai da iska daidai da 'yar uwarta, su buɗe tare, su rufe tare. A garin babu wanda ya iya daidaita su. Sauran kanikawa sukan tara tafin hannu a bakin salansa su ji wanda ya fi bugu, Mai Kunne ya ce wannan aikin 'yan koyo ne. Shi zai tayar da injin, ya bar shi ya yi ɗumi, ya zagaya baya ya tsuguna tsakanin salansa biyun, na hagu a kunnen hagu, na dama a kunnen dama, ya lumshe ido. Can sai ya tashi ya je ya ɗan murɗa sukurun gefen da ya ji yana ja da baya, ya dawo ya tsuguna. Haka zai yi ta yi har muryoyin biyu su zama ɗaya. Mutane sukan bar aikinsu su zo kallo. Idan ya gama, yakan ce Tela haya kawai yake yi, babur ɗin ya san ubangidansa. Tela kuma ya ce ai shi ya sa yake kawo shi gaisuwa.

Haka suka tsufa su uku, shi da Tela da babur. Duk abin da ke cikin injin nan ya bi ta hannunsa. Kayan gyaransa sun ɓace daga kasuwa, ya riƙa yanka gasket, shimfiɗar da ke hana inji yoyo, da hannu, yana goge tsofaffin alluran kafireta yana mayarwa.

'Ya'yansa maza babu wanda ya bi sana'ar. Autarsa ce, mace, ta tashi a rumfar. In ta dawo daga makaranta takan zauna a kan tsohuwar taya tana miƙa masa kayan aiki, kafin ya buɗe baki ta san wace sufana yake so. Da ta isa aure sai ta kawo masa bakanike. Dogo ake kiransa, siriri mai sanyin magana, yana da shago a bayan tasha, inda Auta ta buɗe ɗan kanti a gefe tana sayar da filogi da man inji. Mai Kunne ya bincika bai samu abin kushewa ba. Yaron yana da ladabi, ba ya haɗa ido da shi, kullum Baba kaza Baba kaza. Da a ce direba ne ko malamin makaranta, da ya so shi ƙwarai. Amma duk lokacin da Auta ta zo gida ta ce Dogo ya tayar da wani babur da aka fid da rai da shi, sai Mai Kunne ya ture kwanon abinci, ya ce da matarsa gishiri ya yi yawa.

To, sai babur ɗin Tela ya fara ciwo. Da farko karkarwa ce kaɗan a kan hannu. Daga baya madubi ya riƙa rawa har Tela ya ce in ya duba baya mota ɗaya yake gani ta zama uku. In an tsaya a bar injin yana aiki, sai ya hau ya sauka kamar mai haki. Ga shan mai. Mai Kunne ya kwance filogi, ya ga na hagu baƙi ƙirin, na dama kuwa fes. Ya canza filogi. Ya sauke kafiretocin biyu ya wanke su da fetur, ya hura kowace ƙofa, ya duba allura, ya duba robar da ke haɗa su da inji ko ta tsage tana shan iska. Ya ja wayoyin totur ya ga tare suke ɗagawa. Duk lafiya. Ya mayar, ya tsuguna a baya, ya ji hagu yana ja da baya, ya ƙara buɗe shi. Tela ya tafi, bayan 'yan kwanaki ya dawo da ciwon ya ƙaru.

Mai Kunne ya ɗora laifin a kan masu sayar da fetur. Da aka canza gidan mai, ya ɗora a kan filogin zamani. Da wannan ma bai yi ba, ya ce hannun Tela ne ya tsufa, yana murɗa totur kamar yana taka keken ɗinki. Tela ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Mutum ne mai haƙuri, ya yi ta zuwa yana zama a benci yana kallon abokinsa yana gumi. Sannan sai aka daina ganinsa.

Mai faci ne ya kawo labarin, yana shafa gam a tiyub, bai ko ɗago kai ba. Ya ce jiya ya ga wani baƙin babur mai salansa biyu a ƙofar shagon Dogo, amma wataƙila idonsa ne, tunda irin babur ɗin sun yi yawa a gari. Kowa ya san guda ɗaya ne tak. Mai walda ya kashe wutarsa don ya ji amsar. Mai Kunne ya ce ai babur na mai shi ne, ya kai shi inda ya ga dama, ya ci gaba da ɗaure sarkar da ke gabansa. Ya ɗaure ta har ta yi tauri, sai da ya sake kwancewa.

Ranar bai iya cin abincin rana ba. Abin da ya fi ci masa rai ba Tela ba ne. Tunanin hannun wani a kan sukurun nan ne, waɗanda shi kaɗai ya san nauyinsu, kan kowanne ya cinye daidai bakin sukudirebansa. Kuma a rasa hannun wa sai na mutumin da ya riga ya ɗauke masa mai miƙo sufana.

Washegari da safe ya sa riga mai tsabta ya bi ta bayan tasha, kamar wucewa yake yi. Ya tarar da su duka. Tela yana kan benci da kofin shayi, da ya gan shi sai ya rasa inda zai ajiye kofin. Auta tana tsaye a gefen mijinta da filaya a hannu, irin tsayuwar da take yi a rumfarsa. Dogo ya miƙe da sauri ya gaishe shi, ya goge kujera ya kawo. Mai Kunne ya ce a tsaye ma ya isa, sauri yake yi.

Tela ya fara kame-kame, wai wucewa ya zo yi babur ya mutu masa a daidai nan. Dogo ya cece shi, ya ce tun shekaranjiya yake bin injin ɗaya bayan ɗaya, bawul, filogi, roba, wayoyi, bai samu abin taɓawa ba, aikin Baba ne, ko sabo sai haka. Ya faɗa da zuciya ɗaya, amma Mai Kunne ya ji yabon kamar an ɗiga masa ruwan batir. Wane ne Dogo da zai duba aikinsa har ya ba shi maki?

Saura daidaita kafireta. Dogo ya ɗauko wani katako dogo da aka kafa wa siririn tiyo mai haske, an lanƙwasa shi ya sauka ya sake hawa, da wani jan mai a kwance a gindinsa. Ya haɗa baki ɗaya a wuyan kafiretar hagu, ɗaya a ta dama. Ya ce in suna ja daidai, man zai tsaya kai ɗaya a ɓangarorin biyu. Mai Kunne ya ja tsaki a hankali, ya ce ashe yanzu har babur ake yi wa ƙarin ruwa. Tela ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta.

Aka tayar da inji. Nan take man ya haura gefe guda kamar zai shige cikin kafireta. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Dogo ya durƙusa a gefen hagu ya fara mayar da sukurun baya. Ya murɗa, ya duba katako, ya sake murɗawa. Mai Kunne yana tsaye yana kallon ana warware aikinsa, murɗi bayan murɗi, duk wanda ya yi a watannin nan. Man ya riƙa saukowa har ɓangarorin suka yi kai ɗaya. Dogo ya ɗan ja totur ya saki, man ya motsa tare ya dawo tare. Madubin ya tsaya cik. Tela ya leƙa ya ga fuskarsa guda ɗaya, ya ce rabon da ya ga kansa da kyau haka har ya manta.

Mai Kunne ya matso. Ya zagaya bayan babur ɗin ya tsuguna tsakanin salansa, ya lumshe ido. Dama yana bugu sosai. Hagu yana can nesa, kamar daga bayan bango. Wani daɗi ya ratsa shi. Ya miƙe ya ce katako ya yi ƙarya, hagu bai kai ba, a ba shi sukudireba.

Ba wanda ya motsa. Ya ga Auta ta dubi mijinta, mijin ya dubi ƙasa. Sai Auta ta ce da Tela ya zo kanti ya duba mata wani labule da take son a rage wa tsawo, ta ja shi suka shige. Dogo ya matso ta damansa, ya rage murya.

"Baba, don Allah kar ka ga rashin kunyata. Da za ka sake tsugunawa, amma ka ba babur ɗin baya."

Mai Kunne ya dube shi sama da ƙasa. Ya so ya tafi abinsa, amma ya ga in ya tafi kamar ya gudu ne. Ya juya ya tsuguna, keyarsa tana kallon lambar babur, ya lumshe ido. Yanzu salansan hagu yana kunnensa na dama, kuma yana bugu lafiya lau. Na dama ne ya koma bayan bango.

Ya daɗe a tsugune. Ya sake juyawa ya saurara, ya sake ba da baya. Duk inda ya juya, raunin yana bin kunnensa na hagu. Sai ya yi abin da ya raina tun yana saurayi, ya tara tafukan hannunsa a bakin salansa biyun. Bugun iri ɗaya ne.

Ya miƙe gwiwoyinsa suna ƙara, ya karkaɗe rigarsa. Dogo yana gefe ya duƙufa a kan naɗe tiyo, kamar bai ga komai ba. Mai Kunne ya ce a gaida mutanen gida, ya kama hanya.

A gida ya tarar da matarsa tana shanya. Ya tsaya a bakin igiya ya tambaye ta ko ta taɓa lura da wani abu game da jinsa. Ta matse rigar da ke hannunta, ta zagayo ta damansa kafin ta amsa, sai a lokacin ya gane ta daɗe tana yin haka.

"Malam, tun kafin auren Auta. Rediyonka har maƙwabta suna jin labarai kyauta."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa. Ta ce ta faɗa ba sau ɗaya ba, ta hagu ta faɗa. Da ta ga bai yi dariya ba, sai ta ce gaskiya tsoro ta ji, mutumin da duk gari ke kira Mai Kunne, ta ina za a fara? Ya ce to Dogo fa, wa ya gaya masa? Ta kau da kai ta ci gaba da shanya. Ya ce wato Auta ta kwashi sirrin gidan ubanta ta kai waje. Matar ta ce ba waje ta kai ba, gidanta ta kai. Wannan maganar ta fi ciwon kunnen zafi, ya shige ɗaki ya bar ta da shanyarta.

Daga baya ya je asibiti ba tare da ya gaya wa kowa a layin ba. Aka leƙa kunnen, aka wanke, aka ce ba datti ba ne, ƙarar inji ce ta shekara da shekaru, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Aka ce ya riƙa toshe na daman in yana aiki. Ya ce to, bai toshe ba.

Ya zauna jiran ranar da labarin zai zagaya layi, mai faci ya samu abin yi. Ranar ba ta zo ba. Da Tela ya dawo, da 'yar kunyarsa, ya ce Dogo ya gaya masa sukurun ne ya riƙa kwancewa da kansa saboda tsufa, ba laifin kowa ba ne. Mai Kunne ya gane yaron ya rufa masa asiri. Ya san ya kamata ya gode, ya kuma nemi godiyar a ransa bai same ta ba. Da Dogo ya yi masa dariya a gaban mutane, da ya samu abin riƙewa. Yanzu ga shi yaron ya fi shi kunne, ya kuma fi shi hali, shi kuwa ko wanda zai kai wa ƙara babu.

Tela ya raba aikin biyu. Sarka da birki da taya yana kawo wa Mai Kunne, kafireta kuwa bayan tasha. Bai taɓa faɗa ba, shi ma Mai Kunne bai tambaya ba. In yana ɗaure sarkar, idonsa yakan kai kan sukurun nan, ya ga sabon tabon sukudireban da ba nasa ba, ya kau da kai. Yakan tambayi Tela, kamar ba da wata manufa ba, ko babur ɗin yana tashi da wuri da safe, ko bai fara shan mai ba, ko madubi bai dawo da rawarsa ba. Tela ya ce lafiya ƙalau. Damina ta zo ta wuce yana jiran babur ɗin ya yi tari ko sau ɗaya a hannun Dogo. Babur ɗin da ya ce ya san ubangidansa bai yi ba.

Aiki bai yanke masa ba. Ƙananan babura masu silinda ɗaya sun cika gari, su kuwa kunne ɗaya ya ishe su, har yanzu yakan faɗi ciwonsu kafin mai su ya sauka. In aka yabi Dogo a gabansa, ya daina neman noti a ƙasa. Yakan ce yaron ba laifi, yana ƙoƙari, ga wanda ke son aikin katako.

Wata ranar da yamma Auta ta zo rumfar, ta zauna a kan taya ta damansa. Rabonta da wurin tun ranar nan. Ta ce Dogo ne ya aiko ta, shagon da ke jikin nasu ya tashi, yana roƙon Baba ya dawo can su haɗa aiki, tsofaffin injuna suna zuwa masa da bai san kansu ba. Mai Kunne ya ce ta gaya masa ya gode, amma shi bai gaji da rumfarsa ba, kuma bai kai lokacin da suruki zai ba shi inuwa ba. Ta ce to. Ya miƙa hannu bai dube ta ba, ta sa masa sufanar da yake so. Ya ci gaba da ɗaure noti.

Can ya tambaye ta wane irin mai ne mijin nata yake zubawa a tiyon nan. Ta faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce ya yi ruwa da yawa, shi ya sa yake tsalle in an tayar da inji, wata rana sai kafireta ta zuƙe shi. A sa mai kauri, a kuma ɗan matse tiyon daga sama, zai tsaya a natse a karanta shi da kyau. Auta ta ce za ta gaya masa.

"Ki gaya masa," in ji Mai Kunne. "Amma ba sai kin ce daga wurina maganar ta fito ba."